Bayani A Kan Tsohon Injin Jirgin Ruwa Wanda Silindarsa Ta Cinye

Yau ba maganar farashin gero da dawa zan yi ba, wannan tana nan a gurbinta. Maganar inji ce, injin nan da ake ratayawa a bayan jirgin ruwa. Wani zai ce me ya haɗa ɗan hatsi da aikin makanikai. To, duk mai cin kasuwannin bakin Kwara, daga Yauri zuwa Warra da Malale, ko mai ƙetarar da kaya tsakanin Zamare da Rofiya, ya san buhunsa a kan ruwa yake tafiya, kuma ran da inji ya mutu a tsakiyar ruwa, ran nan kasuwa ta ci ba da shi ba.

Tun 2023 da aka cire tallafin fetur, Naira kuma ta faɗi, sabon inji ya fi ƙarfin yawancin masu jirage. Shi ya sa tsofaffin injunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka fito, an wanke su, an shafa fenti, an kawo kasuwa. Da yawansu ciwonsu ɗaya ne, silinda ta cinye. Irin wannan inji yana gyaruwa, ba shakka. Amma ba kowanne ba, kuma kuɗinsa ba ɗaya ba ne da na mai lafiya, ko da fentinsu iri guda.

Ku sani, galibin injunan nan, irin su Yamaha Enduro mai doki 15 da 25 da 40, da tsofaffin Johnson da Evinrude, injuna ne masu bugu biyu, wato waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki guda. Ba su da tukunyar mai a ƙasa irin ta mota. Ɗan man nan da aka zuba cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistan da ringi da boris. Gangar injin ta alminiyam ce, amma a cikin kowane rami an zuba riga ta baƙin ƙarfe, ita ce silinda, a cikinta fistan ke kai da komo. A jikin rigar nan kuma akwai tagogi, waɗansu na shigar haɗin fetur, waɗansu na fitar hayaƙi, fistan ɗin da kansa shi ke buɗe su yana rufewa. Ringi kuwa zobba ne a wuyan fistan, su ke manne wa bangon silinda su hana iska gudu. Mai doki 40 na Enduro, wanda ake kira E40X, silinda 2 gare shi, faɗin kowace milimita 80. Mai doki 15 milimita 56. Idan yana aiki sosai fistan yana hawa da sauka sau 5,000 a minti guda. Ka ga kuwa ƙarfe da ƙarfe a irin wannan gudu, in mai ya yi ƙaranci ko zafi ya yi yawa, ba a daɗewa.

Cinyewar silinda ba daidai take ci ba, nan ne mutane ke ruɗuwa. Takan fi ci can sama wajen da wuta ke tashi, sai ramin ya zama sama ya fi ƙasa faɗi. Sa'an nan takan fi ci ta gefe guda, sai ramin da aka yi shi da'ira ya koma siffar ƙwai. Ido ba ya ganin wannan, don abin bai kai kaurin takarda ba. Amma inji yana ji. Sai ka ga ana jan igiya sau goma kafin ya tashi, in an rage wuta ya mutu, in an yi lodi ya kasa ɗaukar murya, ga shan fetur kamar an huda tanki.

To kai dillali, ko kai mai saye, ga abin da za ka yi kafin a kai ga maganar kuɗi. Da fari ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tashe shi kafin ka iso, don cinyayyen inji yakan tashi da sauƙi in ya yi zafi. Ka ce sai gobe da sassafe, a tashe shi da sanyi a gabanka. Kuma kada ka yarda da gwajin cikin duro kaɗai. Inji a cikin duro ba giya ba kaya, ko wanda ya kusa mutuwa yana ihu. A rataya shi a jirgi, a ɗora buhuna, a tunkari ruwa, nan ake jin gaskiyarsa.

Sa'an nan a nemo ma'aunin matsi, wani ɗan agogo ne mai tiyo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Bayan injin ya yi gudu ya yi ɗumi, a cire fulogan duka, a buɗe totur gaba ɗaya, a ja igiya sau huɗu ko biyar da ƙarfi, a karanta, a koma ɗayan ramin. Mai lafiya galibi yakan haura 100 a layin da aka rubuta psi. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta. In ɗaya ta ba da 120 ɗaya 115, ba laifi. In ɗaya 120 ɗaya 85, to akwai magana, don bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 alamar ciwo ne. Dalilin da na ce sai ya yi gudu tukuna, waɗansu sukan ɗura cokalin mai mai kauri ta ramin fulogi, man ya toshe gibin ringi, agogo ya nuna lafiya. Gudun minti goma yana ƙone wannan dabara. Ita kuma dabarar tana da amfani in kai ka yi ta da kanka: ka auna a bushe, ka zuba ɗan mai ka sake aunawa, in lambar ta yi tsalle sosai ka san ringi ne da bango suka cinye.

In cinikin ya kai a buɗe, a cire murfin kan silinda, a kankare baƙin da ke saman fistan, a duba rubutu. Wannan rubutu shi ne shekarun injin na gaskiya, kamar yadda mai sayen sa ke buɗa baki ya duba haƙori. Domin silinda rayuwarta ƙidayayya ce. Tana fitowa daga kamfani a kan awonta na asali, shi ake ce wa sitanda. In ta cinye sai a faɗaɗa ramin da na'ura a sa fistan da ya ɗan fi girma. Yamaha kan yi fistan mai ƙarin rubu'in milimita, wato 0.25, da mai ƙarin rabin milimita, wato 0.50. Johnson da Evinrude da inci suke lissafi, an fi samun 0.020 da 0.030. Injin da ke kan sitanda saura masa gyara biyu. Wanda ke kan 0.25 saura ɗaya. Wanda ya kai 0.50 kuma ya sake cinyewa, ya ƙare hanyar sauƙi, sai dai sabuwar riga ko wata ganga. Ashe kuwa ba daidai ba ne a yi wa ukun nan kuɗi ɗaya, kuma dillalin da ya san haka ya yi shiru ya ci la'ada, ni dai ban ga bambancinsa da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhu ba.

Yanzu a duba bangon silindar da tocila. In yana sheƙi kamar madubi ba zane, ko zanen ba shi da zurfi, mai yiwuwa goga kaɗai ta isa, wato a bi shi da dutsen wasa mai juyawa a sake masa kaushi na gicciye wanda ke riƙe mai, a sa sabon ringi. Gwajin da kowa ke iya yi shi ne na farce. Ka ja farcenka a kan zanen, in ya wuce sumul da sauƙi, in ya maƙale to goga ba za ta share shi ba. Wani lokaci kuma abin da ka gani ba zane ba ne, narkakken alminiyam ne na fistan ya liƙe a bango, in an cire shi sai a tarar da ƙarfen ƙasa lafiya lau. Don haka kada a yanke hukunci kafin a tsabtace. Bayan wannan sai awo, kuma awo aikin mai na'ura ne. Yakan auna a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu, ya gwada da iyakar da littafin injin ya yanke. In ramin ya zama ƙwai fiye da iyaka, ba wani sabon ringi da zai zauna a ciki, don ringi da'ira ne, da'ira kuwa ba ta cika ƙwai.

Na tsaya a nan ne don ni ma na taɓa faɗawa. Akwai wani inji mai doki 40 da muka haɗa kuɗi da wani abokin cinikina muka saya, ya fara rage ƙarfi ana gab da kaka. Wanda muka kai wa ya ce Alhaji ringi ne kawai, kwana ɗaya an gama. Muka ji daɗin araha muka yarda. Bai yi wata guda ba ya buga mana a tsakiyar ruwa da lodin masara, sai da filafili aka kai mu gaɓa bayan la'asar, motocin da suka zo saye duk sun tashi. Da aka sake buɗewa, ga ramin sama ya zama ƙwai tun asali, ga kuma robar famfon ruwa ta gutsure, ba wanda ya duba ta. Mun biya kuɗin gyara sau biyu, ban da masarar da muka sayar a kasuwa ta gaba da faɗuwa.

In an tabbata sai an faɗaɗa, to ga ƙa'idar da ba a tsallakewa: a sayi fistan tukuna, a kai shi tare da gangar wurin mai na'ura, shi ya auna fistan ɗin ya yanka ramin daidai da shi. Gibin da ake bari tsakanin fistan da bango kamar kaurin silin gashi ne. In ya yi kaɗan, fistan ya yi zafi ya kumbura ya kame. In ya yi yawa, ka sayi cinyayyen inji da kuɗinka. Kuma bayan yanka, bakin tagogin nan na jikin silinda yakan yi kaifi kamar wuƙa, wajibi ne a bi su da ɗan magagari a dakusar da bakin. In ba a yi ba, ringi yana wucewa zai kama a nan ya karye, gutsuren kuma ya yage sabon bangon a yini ɗaya. Mai na'urar da ya saba da injin mota da babura na yanzu masu bugu huɗu yakan manta da wannan, don su silindarsu ba taga. Ka nemi dattijon da ya yi zamanin Vespa da tsofaffin babura masu hayaƙi, shi ba sai an gaya masa ba. In an dawo da gangar, a wanke ramin da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito ba baƙi, a shafe da mai nan take. Wankin fetur kaɗai ba ya fid da garin dutsen wasa, garin nan kuwa shi ke cinye sabon ringi.

Maganar sabuwar riga, wadda makanikai ke kira silif, ita ce ta ƙarshe. Ana yanke tsohuwar, a ɗumama gangar, a tura sabuwa da matsi, ramin ya koma sitanda. Aiki ne mai kyau in an sami rigar da aka yi domin wannan inji, tagoginta sun dace da hanyoyin cikin ganga. Amma waɗansu sukan yanko ta daga silindar mota su huda tagogi da hannu. Injin zai tashi, ban musa ba, sai dai tagar da ta kauce da milimita ɗaya ta sauya lokacin numfashinsa, ba zai ƙara ja kamar da ba. Ni in aka ba ni zaɓi tsakanin wannan da gangar gwanjo mai lafiya da ke kan sitanda, gangar zan ɗauka.

Tsofaffin injunan Turawa kuwa sai an yi hattara ta wajen kayan gyara. Evinrude tun 1909 aka fara shi a Amurka, kamfanin da ya haɗa shi da Johnson ya karye a ƙarshen 2000, wani kamfanin Kanada ya saye sunayen, shi ma ya daina yin Evinrude a 2020. Seagull na Ingila an daina ƙera shi tun 1996. Ƙarfensu mai kyau ne, amma fistan mai ƙarin awo ba a kowace kasuwa ake samunsa ba. Kada ka bari a taɓa ramin sai fistan da ringinsa da gasket suna hannunka. Sau da yawa hanyar ita ce a sayi matattu biyu a tada ɗaya. Waɗansu tsofaffin Mercury kuma ba su da murfin kai da ake cirewa, an zuba kan tare da ganga, ramin rufe yake ta can ciki, ba kowace na'ura ke kai wa ƙarshensa ba. Ka tambayi mai na'ura kafin ka saya, kada sai ka biya ka ɗauko ka yi ta yawo da shi.

To duk wannan rabin aiki ne. Silinda ba ta cinyewa haka kawai, wani abu ne ya ci ta, in kuwa ba a gano shi ba yana nan yana jiran sabuwar. Tsohon fistan shi ne shaida, kada a jefar da shi kafin a karanta. In ya goge ta kowane gefe, zafi ne, ruwan sanyaya inji ya gaza. In ya goge ta wajen tagar hayaƙi, gefen samansa ya narke, fetur ne ya yi masa kaɗan iska ta yi yawa, a duba kafireta ko ta toshe, a duba sil na karanshaf ko yana shan iska. Wannan ya fi kama manyan injuna masu silinda 3 da kowace ke da kafiretarta, don in ɗaya ta toshe sauran biyun suna ci gaba da jan jirgi, ita kuwa waccan ba fetur ba mai, tana ta goguwa a bushe matuƙi bai sani ba. In saman fistan ya fito fes kamar an wanke, ruwa ne ke shiga, ko ta gasket ko ta sil na ƙasa. In ringi ya kame a gidansa da baƙin ƙamas, mugun mai ne. Har wa yau ku lura, injin jirgi a tsaye karanshaf ɗinsa yake, silinda ɗaya bisa ɗaya, don haka ta sama ce galibi ke fara cin zafi in ruwa ya ragu, ta ƙasa kuma ita ke fara shan ruwa in sil ya lalace. In ruwa ya taɓa kwana a ciki, a duba boris da wuyan karanshaf, in akwai ɗigon tsatsa ko ƙarfen ya yi shuɗi, sabon fistan ba zai cece su ba.

A ruwanmu zafi shi ne babban mai kisa, kuma dalilin a fili yake. Famfon da ke tura ruwa sama wata roba ce mai fukafukai a cikin ƙafar injin, bisa gidan giya. Kwara cika biyu take yi a shekara. Farin ruwa na damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, yana zuwa da laka da yashi, shi ke goge robar nan da gidanta. Baƙin ruwa mai zuwa daga can Gini da sanyin hunturu ya fi tsabta. Ga kainuwa da leda masu toshe ƙofar shan ruwa, ga masu tada inji a tudu ba ruwa wai don mai saye ya ji ƙara, alhali robar nan a bushe ba ta minti ɗaya ta ƙone. Duk wanda ya yi wa inji garambawul bai sauya wannan roba ba, ya yi asara da gangan, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba in an gwada da fistan. Matuƙi kuma ya riƙa waiwayen ɗan ruwan da inji ke tsartarwa ta baya, in ya tsaya a kashe nan take.

Sai mai. Enduro ana haɗa masa kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Johnson da Evinrude na kafin 1964 kashi 1 cikin 24 suke so, tsohon Seagull kuwa 1 cikin 10. Ka ga wanda ya haɗa wa tsohon Johnson irin haɗin Yamaha ya ba shi rabin abincinsa. Man kuma wanda aka yi domin injin ruwa ake nema, a jikin galan za ka ga an rubuta TC-W3. Baƙin man mota ba domin ƙonewa aka yi shi ba, toka yake bari, balle wanda aka juye daga mota aka tace. Na san tsadar fetur ta sa yaran jirgi suna rage mai su cika da fetur, mai jirgi ya riƙa haɗawa da hannunsa. A duba farfela ma. In ta yi wa jirgi mai lodi girma, inji yana nishi ba ya kai gudunsa, wanda ga mai doki 40 tsakanin 4,500 ne da 5,500 a minti, wannan nishi kuwa yana dafa fistan.

Bayan an haɗa, sabon rami da sabon ringi sai sun saba da juna, wannan awa 10 ne na aiki. A cikinsu ana ninka mai, lita guda a jarka mai lita 25. Minti 10 na farko a bar shi yana gudu a hankali, sauran awar kada a wuce rabin totur, awa ta biyu kashi uku cikin huɗu, daga nan har awa ta goma kada a riƙe shi a ƙarshen totur fiye da minti 5, a riƙa ƙarawa ana ragewa. Nan ne mu 'yan hatsi muke ɓata aikin makanikai, don inji ya fito yau gobe ranar kasuwa, sai a danƙara masa buhuna har ruwa ya kusa bakin jirgi a ce yaro murɗa. Saboda haka lokacin garambawul kafin amfanin gona ya fara fitowa ne, sa'ad da jirgi ke iya yawo da ɗan kaya kaɗan kwana uku ko huɗu ba a yi asarar komai ba.

In awa goman sun cika, a bar shi ya huce, a sake ɗaure notocin murfin kai, a sake sa ma'aunin matsi. Lambar da kowace silinda ta ba da, da awon fistan da aka sa, da watan da aka yi aikin, a rubuta su da fenti a cikin hular injin. Ran da za a sayar, dillali ya ɗaga hular ya nuna wa mai saye kafin a fara taya.